Ƙofa Ta Tara

Katin asibiti guda uku. Ƙananan hotuna biyu. Tsohon katin shaidar aiki, wanda ruwa ya cinye rabin sunan. Biro. Tawul. Fulas ɗin kunu. Cokali.

Sai da motar ta bar Bunkure sannan Badamasi ya buɗe jakar ledar ya ga cokalin. Bai san lokacin da ya sa shi ba. Shekara uku da wata uku, duk inda zai fita da mahaifinsa, asibitin Kura ko wajen mai magani a Madobi, haka yake haɗa jakar. Yau kwana arba'in da biyu da rasuwar Malam Hammadu. Hannun Badamasi bai ji labari ba tukuna.

Motar a-kori-kura ce, buhunan shinkafa a baya, mutane a kan buhunan. Kanal, babbar hanyar ruwan noman rani, yana bin titi ta hannun dama, cike har baki, ba ya sauri. Badamasi ya zuba masa ido. In mota ta yi gudu sai ruwan ya zama kamar yana komawa baya, in ta tsaya ɗaukar mutum sai ya ci gaba da tafiyarsa. Balbelu sun jeru a kan kunyar wata gona, ko ɗaya ba ta motsi. Ya daɗe bai ga fili mai faɗi haka ba. Idonsa ya saba da bango huɗu da taga ɗaya.

A rediyo ya ji sanarwar, bayan Sallah da kwana biyu. Ofishin ruwa ya rage ƙananan ma'aikata, kuma duk mai tsaron ƙofar ruwa da aka sallama za a ba shi eka ɗaya a cikin filin noman rani, ya riƙe kansa da ita. Za a rufe rajista gobe da ƙarfe sha biyu. Badamasi ya yi shekara goma sha ɗaya yana buɗe ƙofa ta tara da asuba, yana rufe ta da yamma. Gona kuwa ba shi da ita. Ta Baba ta tafi a shekara ta biyu ta ciwon, ta zama allura da ƙwayoyi da kuɗin mota.

Da safe matarsa Talatu ta miƙo masa fulas ɗin ba tare da ya nema ba. Ita ma hannunta bai ji labari ba.

"Baban Ummi, in suka ce a'a fa?"

"Sai Kano. Abokina Mudassiru ya ce zai samo min babur."

"Acaɓa? Da furfurar nan?"

"Fasinja baya yake zama, ba ya ganin gemu."

Ba ta yi dariya ba. Ta juya ta ci gaba da tankaɗe.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama Baba, a damina, yana cikin alwala. 'Yarsa Hajara tana aure a Gusau, ta zo ta yi wata guda ta koma. Talatu kuwa suruka ce. Ta dama kunu, ta wanke tsummoki, ta ajiye a bakin ɗaki, amma ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar ba, kuma ba wanda ya zaci za ta tsallake. Wanka da tsarki da juyawa sai ɗa. Likita ya ce duk bayan awa biyu a juya shi, in ba haka ba baya zai yi gyambo. Sai Badamasi ya je ya sami shugabansa, Malam Iliyasu, a bakin kanal, ya durƙusa ya faɗa masa.

"Je ka," in ji Malam Iliyasu. "Iyaye sun fi ruwa. Ƙofarka tana nan. Allah ya ba shi lafiya."

Badamasi ya miƙa masa ƙarfen murɗa ƙofar, ya ce amin, ya tafi gida. Albashi ya zo wata uku ya ɗauke. Bai je ya tambaya ba. Mutum ba ya aiki, da wane baki zai tambayi albashi?

A Kura an shanya shinkafa a gefen kwalta, doguwa kamar tabarmar masallacin Idi, mata suna bi suna jan ta da ƙafa. Ya sauka ya ƙarasa ofishin a ƙasa.

Benci uku ne a barandar, duk sun cika. Ya san wasu fuskokin: na ƙofa ta huɗu, na ta goma sha ɗaya, tsohon direban tankar. Suka yi masa gaisuwar rashi, suka matsa masa wuri. Hira ta koma inda take, kan wace eka ce ke shan ruwa da kyau, wace ce a ƙarshen layi inda ruwa ke isowa a gajiye. Badamasi yana jin su kamar daga wani ɗaki. Janareto yana kuka a bayan ginin. Inuwar bishiyar dogon yaro tana rarrafe a kan siminti, ya bi ta da ido har ta taɓa ƙafar benci.

Sai ya ga ya miƙe tsaye.

"Lafiya?" in ji na ƙofa ta huɗu.

Ƙarfe sha biyu ne. Baba yana kwance rigingine tun ƙarfe goma. Hannayen Badamasi sun riga sun buɗe, ɗaya na ƙarƙashin kafaɗa, ɗaya na ƙugu.

"Ƙafata ce ta yi tsami," ya ce, ya koma ya zauna.

Bayan azahar aka kira shi. Wata matashiya ce a bayan teburin, da kwamfuta a gefe da tarin fayil a gaba. An rubuta sunanta a ɗan katako: Binta.

"Suna, Baba?"

Ya ɗan waiga kafin ya gane da shi take.

"Badamasi Hammadu. Ƙofa ta tara, layin Tudun Kanya."

Ta duba kwamfutar, ta koma tarin fayil ɗin, ta zaro wani siriri mai launin ƙasa. Ta karanta, ta sake karantawa.

"A nan an ce ka bar aiki ba tare da izini ba. Tun dubu biyu da uku."

"Da izini na tafi."

"To. Bari ka gani." Ta juyo masa da fom ɗin, ta ɗora biro a kai. "Layi uku ne. Wanda aka sallama. Wanda ya yi ritaya. Wanda ciwo ya hana shi aiki. Kai wanne ne?"

"Jinya na yi."

"Kai ne ba ka da lafiya?"

"Mahaifina."

"Babu layin jinya."

Ya duba takardar da kyau, ko akwai wani layi a ƙasa da ba ta lura da shi ba. Babu. Sai fili fari da wurin sa hannu.

"Akwai inda aka ce a rubuta aikin da mutum ya yi a shekara ukun da suka wuce," in ji ta. "Me zan sa? Noma?"

"Juya shi nake yi."

"Na'am?"

"Duk awa biyu. Hagu, baya, dama. In wanke shi, in shafa masa mai, in ba shi kunu. Cokali goma sha biyu yake sha, in ya ji daɗi sha biyar. Bai yi gyambo ba ko ɗaya. Wanda ya yi masa wankan gawa ya faɗa a gaban mutane."

Binta ta ajiye biron. Ta gyara mayafinta.

"Allah ya ji ƙansa. Allah ya sa ya huta."

"Amin."

"Kana da takardar shaidar rasuwa?"

"Da hantsi ya cika, kafin azahar mun kai shi. Wa zai tsaya neman takarda?"

"Ta izinin fa?"

"Malam Iliyasu ya ce in je."

"Ya ce, ko ya rubuta?"

Badamasi ya zaro katunan asibitin ya jera mata a kan tebur, har da hotunan. Cokalin ya biyo su ya faɗo ƙasa, ya yi ƙara a kan siminti. Ta sunkuya ta ɗauko ta miƙa masa da hannu biyu.

"Sori, Baba. Ni abin da ke cikin fayil nake shigarwa. Amma Malam Iliyasu yana nan, ɗaki na ƙarshe. Yana cikin kwamitin. Ka gan shi kafin ya fita."

Malam Iliyasu ya tsufa fiye da shekara uku. Yana zaune a ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa, taswirar filin noman a bango bayansa, shuɗɗan layuka suna rarrabuwa kamar jijiyoyin bayan hannu. Da ya ga Badamasi sai ya tashi ya rufo ƙofa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta gida da ta rashi da ta Sallah, har ta ƙare ba sauran abin tambaya.

"Na san abin da ya kawo ka," in ji Malam Iliyasu. "Ni na rubuta."

"Ranka ya daɗe, kai ka ce in je."

"Ni na ce. Kuma ko yau ka zo, haka zan ce. Zauna mana."

Badamasi ya zauna a bakin kujerar.

"Wata uku na riƙe sunanka. Ƙofa ba ta buɗe kanta, manoma suka cika min ofis, sai na sa Bilya a madadinka. To ba a biyan mutum biyu a ƙofa ɗaya. Akawu ya ce in kawo takarda, ko ta hutu ko ta barin aiki. Ta hutu kuwa sai da sa hannunka. Na cike ta, na buga hatimi, na sa a aljihu, na hau babur na zo gidanku."

"Na tuna. Ka kawo sukari da lemo."

"Na same ka kana wanke shi. Na zauna a zaure ina jin ruwa yana zuba a daro, ina jin kana ce masa, 'Baba ɗaga, Baba sannu.' Ka fito hannunka a jiƙe, idonka ja. Na yi dubiya, na ajiye sukarin. Badamasi, ta yaya zan fito da biro a gidan mara lafiya? Sai ka ce na zo karɓar haraji? Na ce bari sai ya ɗan samu sauƙi."

"Bai samu ba."

"Bai samu ba. Na sake zuwa bayan babbar Sallah, haka na koma da ita. Da akawu ya matsa, na rubuta ɗayar. Na ce in ka dawo mu gyara. Ban san za a yi rage ma'aikata ba."

Ya jawo aljihun teburin, ya tona ƙarƙashin wasu littattafai, ya fito da takarda mai ninki huɗu. Ta yi launin ƙasa a wuraren ninkin, gefe ɗaya da tabon gumi. Ya shimfiɗa ta. Hutu ba albashi, saboda jinyar mahaifi. Kwanan wata na shekara uku da suka wuce. Sa hannun Malam Iliyasu da hatimi. Ƙasa kuma layi ɗaya ba kowa.

"Ba ƙarya a cikinta," ya ce. "Ka sa hannu, mai unguwarku ya rubuta cewa Malam ya yi ciwo ya rasu, ya buga hatimi. Ka kawo kafin sha biyu gobe. Ni zan tsaya a gaban kwamiti in ce laifina ne. Saura min wata biyar in yi ritaya, me za su yi min? In ta shiga, ranar da aka yi sallama kana ma'aikaci. Layi na farko."

Badamasi ya taɓa takardar da yatsa. Ta yi laushi kamar tsumma.

"Bilya fa?"

Malam Iliyasu ya kalli fankar.

"Ƙofa ɗaya, suna ɗaya, eka ɗaya. Shi aka rubuta tun makon jiya. In kai ne mai ƙofa, shi ɗan riƙo ne. Ɗan riƙo kuma ba shi da layi."

"Kamar mai jinya."

"Kamar mai jinya." Ya ninke takardar ya miƙa masa. "Kada ka sa hannu a gabana. Na gaji da zama mai yanke wa mutane."

A hanyar komawa Badamasi bai bari motar ta kai shi gari ba. Ya sauka a inda ƙaramin kanal ya rabu da babba, ya hau kan gaɓar, ya kama tafiya. Daga nan zuwa ƙofa ta tara tafiyar awa guda ce, kuma gidan mai unguwa ta can ya fi kusa. Haka ya faɗa wa kansa.

La'asar ta yi. Ya tsaya ya yi alwala da ruwan kanal, ya yi salla a kan tawul ɗin Baba. Da ya sallame bai tashi nan take ba. An yanke shinkafa a yawancin gonakin, sai kututture da hayaƙi siriri can nesa. Shanun wasu Fulani sun sauko shan ruwa a ɗaya gaɓar, farare, kowace da wata a ƙarƙashinta a cikin ruwan, baki da baki. Makiyayin ya ɗaga masa sanda, ya ɗaga masa hannu.

Yana da shekara bakwai aka fara sako ruwa a kanal ɗin nan. Baba ya ɗora shi a wuya, duk gari sun fito sun jeru a gaɓa suna kallon busasshen rami. Aka daɗe ba komai. Sai ga shi yana tahowa a hankali, baƙi, yana tura ciyawa da kashin awaki a gabansa, a tsakiyar rani, ba girgije ko ɗaya a sama. Wata tsohuwa ta yi salati ta gudu. Badamasi ya ji wuyan Baba yana rawa a tsakanin cinyoyinsa.

A ɗakin jinya maganar Baba ta ragu ta koma kalma biyu. Kullum da asuba, in an juya shi dama, fuskarsa ta kalli taga, sai ya ce, "An buɗe?" Badamasi ya kasa kunne. Daga ɗakin ba a jin ruwa, nisan ya yi yawa. Amma yakan ce, "An buɗe, Baba." Kuma bai taɓa yin ƙarya ba, don Bilya bai taɓa makara ba.

Ya tashi ya ci gaba da tafiya. Wani mutum yana tafe a ɗaya gaɓar, daidai da shi, da fartanya a kafaɗa da hula ta karkace hagu, yadda Baba yake sa tasa. Ƙafafunsa biyu duka suna aiki. Badamasi bai juya ya dube shi sosai ba, ya bar shi a gefen ido. Suka jera haka, ruwa a tsakaninsu, suka wuce ƙofa ta bakwai, suka wuce bishiyar giginya. In ya rage sauri mutumin ya rage. Wani wuri ya ji kamar nauyin da ya saba ɗauka ya dawo hannunsa, nauyin da ya yi ta raguwa shekara bayan shekara har ya zama kamar na ɗaurin kara. A ƙofa ta takwas mutumin ya gangara cikin wata gonar rake, ganye ya rufe shi.

Bilya ba ɗan garin ba ne. Daga wajen Dawakin Kudu ya zo ƙwadago, ya zauna, ya tara 'ya'ya shida a gidan haya, ba shi da ko kunyar gona ɗaya ta kansa. Ya girmi Badamasi da shekara biyu ko uku. Kowace Juma'a yakan zo ya kama masa su fito da Baba tsakar gida ya sha rana. Ranar rasuwar, shi ne a cikin kabarin yana fitar da ƙasa, da azumi a bakinsa.

Yanzu yana tsugune a gefen ƙofa ta tara, yana yayyafa ruwa da gwangwani a kan wani ɗan fili da ya kewaye da ƙaya. Irin tumatir ne, kore shar, tsawon yatsa da rabi.

"A'a! Mai ƙofa na asali!" Bilya ya miƙe yana share hannu a wando. "Yau rana ta ga fuskarka. Wallahi ka yi fari kamar amaryar da aka yi wa lalle."

"Kai kuma ka ƙara baƙi."

"Ƙofarka ce ta gasa ni. Kishi take yi. Shekara uku, kullum sai ta ƙi ni a murɗi na talatin, sai na yi mata magana mai daɗi. Me ke cikin jakar? Kada ka ce kunun Talatu."

Badamasi ya miƙa masa fulas ɗin. Bilya ya zauna a kan simintin ƙofar, ya tsiyaya a murfi, ya kurɓa.

"Har yanzu ba ta sa tsamiya sosai."

"Baba ba ya so."

"Allah ya ji ƙan Malam." Ya sake kurɓa. "Ka ga irina? Kwana ashirin da uku yau. An ce eka ta goma sha huɗu za su ba ni, ta kusa da dutse. Sau uku na je na gan ta. Uwar yara ta ce ko lokacin da nake neman aurenta ban yi wannan zirga-zirgar ba. Na ce ke ai ba kya shan ruwa daga kanal."

Ya yi dariya shi kaɗai. Dariyar ta yi gajarta. Idonsa ya sauka a aljihun rigar Badamasi, inda kan takardar ya leƙo.

Ruwa yana bi ta ƙarƙashin ƙofar da ƙara ɗaya mara canzawa. Badamasi ya tsuguna a bakin irin. Ya ciro cokalin daga jaka, ya soka shi a ƙasa, ya ɗago tsiro ɗaya da saiwarsa. Fara ce, ta yi gashi da kyau.

"Kada ya wuce mako ba a dasa ba," ya ce.

"Na sani."

Ya mayar da tsiron, ya danna ƙasa da bayan cokalin.

"Ka je ofis," in ji Bilya.

"Na je."

"Ya ba ka."

Badamasi ya ɗago kai.

"Na san da ita," in ji Bilya. Ya rufe fulas ɗin, ya ajiye a tsakaninsu. "Tun cikin azumi ya nuna min. Ya ce in faɗa maka, tunda kullum ina gidanku. Ranar bakwai na zo da niyya, na same ka a tabarma kana karɓar gaisuwa. Na ce ba yau ba."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na zuba iri."

Rana ta sauka ta zauna a kan giginyar. Manoman ƙarshen layi sun fara ɗaukar kekunansu, wani ya ɗaga murya daga nesa cewa ya ƙoshi, a rufe. Badamasi ya tuna 'yarsa Ummi, wadda ta shiga aji uku bai taɓa ganin malaminta ba. Ya tuna Talatu a bakin ɗaki da kwano a hannu, tana jira ya fito. Ya ga kansa a kan babur a tsakiyar Kano, hayaƙi a fuska, wani yaro a baya yana ce masa tsoho yi sauri. Ya ga 'ya'yan Bilya shida, ya san sunan kowanne.

Jikinsa ya motsa. Ƙarfe shida. Lokacin juyawa dama ne, fuska ta kalli taga.

Bilya ya miƙe ya ɗauko ƙarfen murɗawa daga inda ya jingine shi. Badamasi ya miƙa hannu. Bilya ya ɗan riƙe, sannan ya saki.

Ƙarfen ya fi yadda ya tuna sauƙi. Ya hau simintin, ya ɗora shi a kan dunƙulen, ya fara murɗawa. Murɗi arba'in da ɗaya ne, bai manta ba. Ƙofar ta fara sauka cikin ruwan. A na talatin ta tsaya, kamar yadda Bilya ya ce. Badamasi bai yi mata magana ba. Ya sa kafaɗa, ya jira ta, kamar yadda ake jiran jikin da ya ƙage ya saki da kansa, sannan ya tura a hankali. Ta wuce. Ƙarar ruwan ta ragu ta zama gunaguni, ta zama ɗiga. A na arba'in da ɗaya ƙarfe ya taɓa siminti. Ƙofar ta rufu. A bayanta ruwan ya kwanta, sama ta fito a cikinsa, ja.

Ya zare ƙarfen, bai mayar wa Bilya ba.

"Daga nan gidan mai unguwa za ni," ya ce. "Gobe zan kai takardar, sunana za su sa. Na zo ne ka ji daga bakina, ba daga ofis ba. Bana ka dasa irinka, mu noma tare, mu raba. Baɗi tawa ce."